Farin beyar da agwagwa mai tabarau: suna ɗaya a takardar doka, ciwo kowa da nasa

Dokar Amurka ta kare halittun da ke neman ƙarewa, wadda shugaba Richard Nixon ya sa wa hannu a watan Disamba na 1973, ta kasa waɗannan halittu gida biyu. Gida na farko na waɗanda suka riga suka kai bakin rami ne, ƙiris ya rage su ɓace daga doron ƙasa. Na biyu kuma na waɗanda ba su kai can ba tukuna, amma alamu sun nuna can suka dosa. A wannan gida na biyu ne sunayen wasu maƙwabta biyu na jihar Alaska suka haɗu. Ɗaya farin beyar ne, wanda ƙaton namijinsa kan haura kilo 600. Ɗayar kuma wata agwagwar teku ce da nauyinta kusan kilo ɗaya da rabi ne, wadda masana ke kira Somateria fischeri. Namijinta yana da kai kore-kore da baki ruwan lemo, sannan kowane ido yana zaune cikin farar da'ira mai baƙin gefe, sai ka ce ya ƙwama tabarau. Macen ruwan ƙasa ce, nata tabaraun a dishe yake. Bari mu kira ta agwagwa mai tabarau.

Ita ta shiga jerin a 1993, shi kuma a 2008. Wanda ya kalli takardar kawai zai ɗauka matsala iri ɗaya ce ta kawo su, ashe ba haka ba ne. An rubuta sunan agwagwar ne saboda ɓarnar da ta riga ta auku, aka ƙirga aka gani. An rubuta na beyar saboda ɓarnar da ake hange tana tafe. Daga wannan bambanci ne duk wata gardama da ake yi a kansu ta samo asali.

A wurare uku agwagwa mai tabarau take sheƙa a duniya: gaɓar arewacin Rasha, gaɓar arewacin Alaska, da kuma wata shimfiɗaɗɗiyar fadama a yammacin Alaska, inda kogunan Yukon da Kuskokwim suke rarrabuwa kafin su faɗa tekun Bering, ƙasar mutanen Yup'ik. A wannan fadama ne abin ya faru. A farkon shekarun 1970 an ƙiyasta ma'aurata kusan 48,000 ne ke sheƙa a can. Zuwa 1992 ba su kai 2,500 ba. Wato cikin shekara ashirin, kusan kashi 96 cikin 100 sun tafi. Ba a buƙatar wani dogon hasashe a nan. Mai jirgin da ya saba shawagi a kan tafkunan yana ƙirga tsuntsaye ya ga wayam da idonsa.

Abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne, a lokacin da aka sa ta cikin jerin, babu masanin da ya san inda take kwana da hunturu. Ana ganinta a sheƙa a watan Yuni. Ana ganinta a wasu gaɓoɓi, kamar Ledyard da Norton, lokacin da take zubar da gashin fiffike. Daga nan sai ta yi ɓatan dabo har wata shida ko fiye. Ta yaya za a ceci tsuntsuwar da ba a san rabin rayuwarta ba? Sai masu bincike suka kama wasu, suka dasa musu 'yar na'ura a ciki mai aika saƙo ta tauraron ɗan adam. Matsalar ita ce batirin na'urar yakan mutu kafin hunturu ya kankama. A farkon 1995 ne wata na'ura da aka fid da rai da ita ta yi motsi bayan dogon shiru, ta nuna wani wuri a tsakiyar tekun Bering, kudu da tsibirin Sant Lorens, inda a taswira babu komai sai ƙanƙara. Wasu ma'aikatan hukumar kula da kifi da namun daji ta Amurka biyu, Bill Larned da Greg Balogh, suka hau ƙaramin jirgi a watan Maris suka bi sawu. Daga sama suka hango wani tabo ruwan ƙasa a kan farin fili. Da suka sauko ƙasa-ƙasa sai tabon ya fara motsi. Agwagi ne dubun dubata, sun cunkushe kafaɗa da kafaɗa a cikin wata tsaga ta ruwa tsakanin ƙanƙara, a cikin sanyin da ke daskarar da numfashi. Cunkoson nasu da kai-komonsu yana taimakawa wajen hana tsagar rufewa. Daga nan suke nutsewa mita 40 zuwa 70 har ƙasan teku, su tsinci wasu ƙananan halittu masu ɓawo biyu da ke kwance a cikin laka, su haɗiye su da ɓawon, ƙundu ya niƙe.

Wannan gani ya sauya labarin ta fuska biyu, kuma fuskokin sun saɓa wa juna. Ta ɗaya, an samu sauƙi: ƙidayar da aka yi daga sama a 2010 ta nuna kusan 370,000 ne a wurin, mafi yawansu masu sheƙa a Rasha. Ashe jinsin bai kusa ƙarewa a duniya ba, reshen Alaska ne ya karye. Shi ya sa ƙungiyar IUCN, mai jerin halittun duniya baki ɗaya, ta ajiye agwagwar a matakin da bai kai na beyar tsanani ba. Ta ɗaya fuskar kuma, an gano cewa kusan duk agwagwa mai tabarau da ke raye a duniya, ta Rasha da ta Alaska, a wannan ɗan yanki guda take taruwa. Za mu dawo kan wannan, domin a nan gizo ke saƙar.

To me ya cinye na fadamar Yukon? Masu bincike sun jera abubuwa da dama: farauta, ɓarnar yanyawar yankin da hankaki da tsuntsayen teku masu satar ƙwai, da sauyin abinci a ƙasan tekun Bering. Amma wanda aka fi kamawa dumu-dumu shi ne dalma. Harsashin bindigar harbin tsuntsaye ƙananan ƙwayoyi ne masu yawa, kuma a da da dalma ake yin su. Kowane harbi, kaɗan ne ke samun tsuntsu, sauran su watsu cikin tafki. A wani wuri da sun nutse cikin laka sun ɓace, amma a can ƙasa a daskare take daga ɗan zurfi kaɗan, don haka ƙwayoyin sukan zauna kusa da sama shekara da shekaru. Agwagwa kuma ba ta da haƙori. Tsakuwa take haɗiya ta ajiye a ƙundu don niƙa abinci. Ta zo tana lalube a gindin tafki, ta tsinci ƙwayar dalma ta ɗauka tsakuwa ce. Ƙundu ya goge ta a hankali, gubar ta shiga jini. Ba nan take take kashewa ba. Tsuntsuwar takan rame, fiffike ya saki, ta kasa guje wa yanyawa, ko ta kasa jure hunturu. Wani bincike da aka wallafa a 1998 ya nuna cewa a cikin matan da aka samu dalma a jininsu, kimanin 44 cikin 100 ne ke kaiwa baɗi, alhali a cikin waɗanda ba su sha ba kimanin 78 ne. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido: ƙwayar da ba ta kai girman idon agwagwar ba ita ke ɗauke uwar da za ta yi shekara goma tana ƙyanƙyasa.

Kyan wannan ciwo, idan ciwo yana da kyau, shi ne hannu yana kai masa. A 1991 Amurka ta haramta harbin tsuntsayen ruwa da harsashin dalma a faɗin ƙasar, kuma a wannan shekarar aka rufe farautar agwagwa mai tabarau a Alaska. Aka bi ƙauyuka ana wayar da kai, ana musanya wa mafarauta harsashin dalma da na ƙarfe. A 2001 aka shata wuraren da take sheƙa, da inda take sake gashi, da inda take hunturu, a matsayin muhallin da doka ta kare. Daga tsakiyar shekarun 1990 adadin masu sheƙa a fadamar ya fara hawa, har ya ninka sau da dama, ko da yake bai koma yadda yake a 1970 ba. Ba wanda zai rantse cewa hana dalma kaɗai ya kawo wannan, amma dai an san abin da aka taɓa, an kuma ga abin da ya biyo baya.

Mutane da yawa sun manta cewa shi ma farin beyar ya taɓa yin irin wannan ciwo mai magani. A shekarun 1950 da 1960, masu farautar nishaɗi sun riƙa bin sa da jiragen sama a Alaska, a tsibiran Sibalbad na Nowe kuma ana ɗana masa tarkon bindiga mai tashi da kanta. Tarayyar Sobiyet ta hana farautarsa tun 1956. A 1973 ƙasashe biyar da yake zaune a cikinsu, wato Kanada, Amurka, Tarayyar Sobiyet, Nowe, da Denmak a madadin Girinland, suka sa hannu kan yarjejeniya a birnin Oslo. Ana tsakiyar yaƙin cacar baka, amma suka zauna a teburi ɗaya saboda dabba. Aka hana harbi daga jirgi, aka bar wa 'yan asalin yankin haƙƙinsu na farautar gargajiya, kuma a wurare da dama beyar ya farfaɗo. Da a nan labarin ya tsaya, da shi da agwagwar sai a ce tagwaye ne.

Sai dai ciwo na biyu da ya same shi ba irin wanda ake hanawa da doka ba ne, kuma ba a gane shi sai an san yadda dabbar take cin abinci. Farin beyar sunansa na dabbar tudu ne, amma rayuwarsa a kan teku take, tekun da ya daskare. Abincinsa sil ne, wata dabbar ruwa mai shayarwa mai tarin kitse a ƙarƙashin fata. A cikin ruwa beyar ba ya iya kamo sil, ko kusa. Amma sil dole ta sha iska, don haka takan buɗe ramuka a ƙanƙara tana leƙowa. Beyar yana jin warin ramin daga nesa, ya lallaɓo, ya kwanta a bakinsa rub da ciki, ya yi lamo. Yakan yi sa'o'i ko gezau. Da sil ta fito da hanci, sai ya kai bara da hannu, ya cafke kanta da haƙora, ya fizgo ta waje. A watannin Afrilu da Mayu kuma, lokacin da sil ke haihuwa a cikin 'yan ɗakuna ƙarƙashin dusar ƙanƙara, yakan miƙe tsaye ya faɗo da hannaye biyu ya rusa rufin. Idan yana ƙoshe, kitsen kawai yake ci ya bar tsokar ga yanyawa. A 'yan watannin nan, daga bazara zuwa fashewar ƙanƙara, yake tara mafi yawan kitsen da zai ci a jikinsa sauran shekara. Ƙanƙarar teku ita ce filin farautarsa, ita ce hanyarsa, a kanta yake samun mace. Idan ta narke, sil ɗin tana nan a cikin ruwa, ba ta je ko'ina ba, amma ta fi ƙarfinsa.

Tun 1979 taurarin ɗan adam ke auna faɗin wannan ƙanƙara. A watan Satumba, lokacin da take kai ƙarshen ƙanƙancewarta, tana raguwa da kimanin kashi 12 cikin 100 a kowace shekara goma. A 2012 ta sauka zuwa murabba'in kilomita miliyan 3.4, mafi ƙanƙanta da aka taɓa aunawa. Yankin Aktik, wato ƙuryar arewacin duniya, yana ɗumama kusan ninki huɗu na matsakaicin duniya, kuma dalilin a bayyane yake: farar ƙanƙara tana mayar da hasken rana sama, baƙin ruwa kuma yana shanye shi, don haka duk inda ta narke, wurin sai ya ƙara zafi ya narkar da na kusa da shi.

Inda aka fi ganin sakamakon shi ne yammacin tekun Hudson a Kanada, kusa da garin Churchill. A can ƙanƙara takan narke ƙaf kowace shekara, beyar su fito tudu su zauna da yunwa har ta dawo. Wannan ba sabon abu ba ne, jikinsu ya saba. Sabon abu shi ne tsawon zaman, wanda ya ƙaru da makonni uku zuwa huɗu idan aka kwatanta da shekarun 1980. Beyar da ke zaune a tudu yana zubar da kusan kilo ɗaya kowace rana. Ga ƙaton namiji, ƙarin kwana 25 abu ne da zai daure. Ga mace mai ciki labarin daban ne. Ita ba ta komawa kan ƙanƙara tare da sauran. Takan haƙa rami ta shiga, ta haihu a cikinsa wajen watan Disamba, 'ya'ya galibi biyu, kowane bai kai kilo ɗaya ba, makafi, ta shayar da su har watan Maris, duk ba ta sa komai a baki ba. Takan yi wata takwas a haka. Idan ta shiga ramin da ƙarancin kitse, ko cikin ya zube, ko nonon ya kafe. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙiyasta beyar kusan 1,200 a wannan yanki. Ƙidayar 2016 ta ba da 842, ta 2021 kuma 618. A kudancin tekun Beaufort, wanda Alaska da Kanada suka haɗa, adadin ya faɗi daga kusan 1,500 zuwa kusan 900 tsakanin 2001 da 2010. A wannan teku ne a 2008 wata mace da aka ɗaura wa na'ura a wuya ta yi iyon kilomita 687 cikin kwana tara ba tsayawa, tana neman ƙanƙarar da za ta hau. Da aka sake kama ta bayan wata biyu, ta rasa kashi 22 cikin 100 na nauyinta, ɗan da ke tare da ita kuma babu shi.

Duk da haka, wanda ya ce farin beyar yana gab da ƙarewa yau bai faɗi daidai ba, kuma ya kamata a faɗi wannan ba tare da kwana-kwana ba. Ƙiyasin duniya kusan 26,000 ne, kashi biyu cikin uku a Kanada, a warwatse cikin rukunoni 19 da masana suka daɗe suna aiki da su. Ba duka ke raguwa ba. Na tekun Chukchi, tsakanin Alaska da Rasha, an ƙiyasta su kusan 3,000 a 2016, kuma an same su da ƙiba da 'ya'ya, domin tekun ba shi da zurfi, abinci ya wadata. A 2022 ma an bayyana wani ƙaramin rukuni a kudu maso gabashin Girinland da ke farauta a kan ɓaraguzan ƙanƙarar da ke ɓallowa daga tudu. Mafarautan Inuit da dama, 'yan asalin arewacin Kanada, suna cewa su kam beyar da suke gani yanzu ya fi na zamanin iyayensu yawa, kuma ba ƙarya suke yi ba. Masana na amsa musu cewa dabbar da yunwa ta koro tudu dole a fi ganinta a bayan gida. Maganganun biyu suna iya zama gaskiya a lokaci guda, a wurare daban-daban. A watan Fabrairu na 2019 sama da beyar 50 suka mamaye garin Belushya Guba a tsibirin Nobaya Zemlya na Rasha suna tonon juji, har aka kafa dokar ta-ɓaci. Churchill kuwa har gidan kaso gare ta na beyar masu shiga gari, a tsare su sai ƙanƙara ta dawo.

Wannan ne ya sa shigar beyar cikin jerin ta zo da rigima, ta agwagwa kuwa ba a ji ko tari ba. A 2007 hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta yi hasashen cewa kashi biyu cikin uku na farin beyar na duniya na iya ɓacewa zuwa tsakiyar ƙarnin nan idan ƙanƙara ta ci gaba da tafiya yadda take. Kan wannan hasashe ne gwamnatin George W. Bush ta dogara a watan Mayu na 2008. Jihar Alaska, ƙarƙashin gwamna Sarah Palin, ta garzaya kotu tana cewa ba a sa dabba mai yawa a jeri saboda lissafin kwamfuta. Kotu ta tabbatar da matakin a 2011, kotun ɗaukaka ƙara ta sake tabbatarwa a 2013. A ganina kotun ta yi daidai, kuma hujjar tana cikin haihuwar dabbar. Agwagwa mai tabarau takan fara sheƙa tana shekara biyu ko uku, ta saka ƙwai huɗu ko biyar, ta kwanta a kansu kwana 24, kuma baɗi ta sake. A cikin agwagi ma ba ta cikin masu saurin yaɗuwa, amma idan aka ɗauke mata abin da ke kashe ta, tana iya cike gurbi cikin shekara ashirin, kamar yadda aka gani. Macen beyar sai ta kai shekara huɗu ko biyar kafin haihuwar fari, 'ya'yan su zauna da ita shekara biyu da rabi, don haka haihuwa ɗaya ce cikin shekara uku, kuma da yawa daga cikin 'ya'yan ba sa kai shekara. Dabba irin wannan, idan aka jira sai ta faɗi da kashi 96 cikin 100 kafin a rubuta sunanta, rubutun ya zama na ta'aziyya.

Amma rubuta sunan me ya tsinana? A nan dokar ta nuna iyakarta. Ranar da sakataren harkokin cikin gida Dirk Kempthorne ya sanar da matakin, a ranar ya bayyana cewa ba za a yi amfani da shi wajen ƙayyade hayaƙin da ke ɗumama duniya ba. Wato an amince da sunan cutar, an kuma ce wannan asibiti ba ya maganinta. Abin da ya rage wa hukuma shi ne gefe-gefe: hana shigo da fatar beyar da aka harbo a Kanada, shata muhalli, sa ido kan kamfanonin mai kada su taka ramukan masu jego, koya wa ƙauyuka yadda za su kori beyar ba tare da harbi ba. Duk suna da amfani. Amma shirin ceton da hukumar kula da kifi da namun daji ta fitar a farkon 2017 ya faɗa da bakinsa cewa babban abin da zai ceci dabbar shi ne rage wannan hayaƙi, abin da ba ya hannun ma'aikacin gandun daji. Mai kula da agwagwa yana iya shiga jirgin ruwa ya je ƙauye da kwalin harsashin ƙarfe, ya dawo ya san ya yi aiki. Mai kula da beyar abin da ke kashe dabbarsa yana fitowa ne daga bututun masana'antu da motoci a nahiyoyin da beyar bai taɓa takawa ba.

Kada kuma a ɗauka agwagwar ta tsira. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ita ma ƙanƙara take bi, sai dai nata sha'anin ya fi na beyar sarƙaƙiya, domin gaba kura ne baya sayaki. Idan hunturu ya yi tsanani, tsagogin suka rufe, ba ta da ƙofar nutsewa, sai yunwa. Idan kuma ƙanƙara ta yi ƙaranci, ba ta da wurin hawa ta huta. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska nesa ba kusa ba, don haka tsuntsuwar da ta kwana tana yawo a kan igiyar ruwa tana ƙona kitsen da wadda ta kwana a kan ƙanƙara take adanawa. Ga shi kuma abincin nata na ƙasan teku ya dogara ne da gansakukar da ke tsirowa a jikin ƙanƙara, ta zubo ƙasa idan bazara ta zo. A hunturun 2018 da na 2019 ƙanƙarar tekun Bering ta yi ƙarancin da ba a taɓa aunawa ba. A gida ma, fadamar Yukon da Kuskokwim ba ta fi teku tudu da wani abin kirki ba. Guguwa irin ta Merbok da ta daki yammacin Alaska a watan Satumba na 2022 tana tura ruwan gishiri can cikin tafkuna, 'yan tsakin agwagwar kuwa a kwanakinsu na farko ba sa iya jure ruwan gishiri.

Sai kuma waccan magana ta taruwa wuri guda. Beyar 26,000 a baje suke a kewayen duniya, bala'i ɗaya ba zai same su duka a dare ɗaya ba. Nasu ciwon a hankali yake ci, rukuni bayan rukuni, daga kudu zuwa arewa. Agwagin da aka ƙirga 370,000 a 2010 kuwa, duk yawansu, suna zaune ne a bakin hanyar da jiragen ruwa ke ƙara bi zuwa mashigin Bering tun da ƙanƙara ta fara buɗe musu hanya. Tankar mai ɗaya ta fashe a wurin a watan Fabrairu, cikin duhu da ƙanƙara inda babu mai iya kwashe malalar, ta isa ta yi wa jinsin abin da dalma ba ta yi ba a shekara ashirin. Mai idan ya taɓa gashin tsuntsu, ruwa ya shiga, sanyi ya gama da shi. Wanda ya fi yawa a ƙidaya ba lallai ne ya fi zama lafiya ba.

Wani abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda suna ke raba arziki ko a cikin dabbobi. Hoton beyar a tsaye kan ɗan guntun ƙanƙara ya zaga duniya, yara sun san shi, kamfanoni na talla da shi, har ranar 27 ga Fabrairu aka ware masa. Agwagwa mai tabarau kuwa, in ban da mutanen gaɓar da 'yan tsirarun masana, wa ya taɓa jin sunanta? Amma ita ce aka iya yi wa wani abu. Shi da duniya ta sani, tausayin da ake masa bai ƙara masa kwana ɗaya na ƙanƙara ba.

A 'yan shekarun nan hanyoyin beyar da na tsuntsayen sun fara karo ta inda da ba su saba ba. A watan Disamba na 2023 aka tabbatar da farin beyar na farko da murar tsuntsaye nau'in H5N1 ta kashe, an tsinci gawarsa kusa da garin Utqiagvik a arewacin Alaska, kuma abin da aka fi zato shi ne mushen tsuntsu ya ci. A arewacin tekun Hudson kuma, inda wata babbar 'yar uwar agwagwa mai tabarau ke sheƙa dubbai a kan ƙananan tsibirai don guje wa yanyawa, ƙanƙara ta koma fashewa da wuri, daidai lokacin da tsuntsayen ke kwance a kan ƙwai. Haka ma dinyoyin Sibalbad. Beyar da a da yana can kan teku yana bin sil a wannan lokaci, yanzu iyo yake ya hau tsibirin. Yana tafe yana sunsuna, daga wannan sheƙa zuwa waccan. Uwar takan lafe har sai ya zo dab da ita, sannan ta tashi fir ta faɗa ruwa. Ya sa baki ya fasa ƙwan, ya lashe, ya wuce ta gaba, tsuntsayen teku na biye da shi suna kwashe na sheƙunan da iyayen suka gudu suka bari. Cikin 'yan kwanaki beyar kaɗan kan share ɗaruruwan sheƙuna. Idan tsibirin ya ƙare sai su sauka ruwa su nufi na gaba, kuma duk ƙwan da suka sha bai hana su ci gaba da ramewa ba har ƙanƙara ta dawo a watan Nuwamba ko Disamba.